HAƘORAN ROBA: ZATON JAMA'A DA GASKIYAR AL'AMARI

GABATARWA

Daga cikin kayayyakin da ilimin likitanci ya samar domin cike gurbin abin da jiki ya rasa, da wuya a sami wanda ake ɓoyewa kamar haƙoran roba. Mai tabarau yakan sa abinsa a bainar jama'a, mai sanda yakan dogara ba ya jin nauyin kowa, amma mai haƙoran roba sau da yawa ko iyalinsa ba ya son su ga lokacin da yake cire su. Abin da ake ɓoyewa kuwa ba a cika yin tambaya a kansa ba, inda babu tambaya kuma zato ne yake cin kasuwarsa. Wannan shi ya sa maganganu da dama suka bazu game da haƙoran roba, waɗansu suna hana mabukaci neman su, waɗansu kuwa suna cutar da wanda ya riga ya sa su.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna kimanin mutum miliyan 350 ba su da haƙori ko ɗaya a bakinsu, watau kusan kashi 7 cikin 100 na masu shekara 20 zuwa sama, da kashi 23 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama. Waɗanda suka rasa waɗansu haƙoran, saura kuma suna nan, sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi waɗannan zace-zace ɗaya bayan ɗaya. Za a ga yawancinsu tushensu guda ne, watau mancewa da cewa haƙoran roba abu ne sandararre da aka ɗora a kan baki mai rai. Robar tana nan yadda aka zuba ta tun ranar farko, bakin kuwa kullum yana sakewa.

MENE NE HAƘORAN ROBA?

Haƙoran roba su ne waɗanda mai su yake iya cirewa ya mayar da hannunsa. Iri biyu ne. Akwai cikakku, waɗanda ake yi wa wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a sama, ko a ƙasa, ko duka biyun. Galibi sukan ɗauki haƙori 28 a maimakon 32 ɗin da baligi yake da su. Akwai kuma na cike giɓi, waɗanda suke jingina da sauran haƙoran gaske, sau da yawa ta hanyar 'yan maƙalai na ƙarfe. Kowane iri yana da mazauni mai launin dasashi, a kansa ne ake jera haƙoran.

Wajibi ne a bambanta su da haƙorin Makka, wanda alhazai sukan sawo. Shi wannan kwanso ne na zinariya ko azurfa da ake sanya wa haƙorin da yake nan daram, domin ado da kuma shaidar zuwa aikin hajji. Haka nan sun bambanta da haƙorin dashe, wanda ake kafa wa kusa ta ƙarfen titaniyam a cikin ƙashin muƙamuƙi. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya gano a 1952 cewa ƙashi yana iya manne wa titaniyam, a 1965 kuma ya yi wa mutum na farko wannan dashe.

TAƘAITACCEN TARIHI

Neman madadin haƙori tsohon abu ne. Tun wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) mutanen Itruriya, a ƙasar Italiya ta yau, suke ɗaure haƙoran aro da zirin zinariya. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, shahararren likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da wayar zinariya ko ta azurfa, da yadda ake sassaƙa madadinsa daga ƙashin saniya. A Japan an yi cikakkun haƙora na itace tun ƙarni na 16. A Faransa, Pierre Fauchard ya wallafa littafinsa a 1728, wanda ake ɗauka shi ne harsashin likitancin haƙori na zamani, kafin ƙarshen ƙarnin kuma aka fara yin haƙoran tangaran.

Ko a tarihin ma zato bai bar haƙoran ba. An daɗe ana cewa na Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, na itace ne. Waɗanda aka adana daga cikinsu sun nuna an haɗa su ne da haure, da haƙoran mutane da na dabbobi, da dalma da waɗansu ƙarafa. Lokacin da ya hau mulki a 1789 haƙori ɗaya tak ya rage masa. Bayan yaƙin Watalu na 1815 kuwa, haƙoran sojojin da suka mutu a fagen fama sun shiga kasuwannin Turai.

A duk wannan zamani masu hannu da shuni ne kaɗai suke iya sa haƙoran aro. Abin ya sauko ga talaka ne daga shekarun 1850, sa'ad da aka fara yin mazaunin da tauraren roba. Daga 1937 wata roba da ake kira akirilik ta shigo, ba a daɗe ba ta ture waccan, ita ce kuma ake yin yawancin haƙoran roba da ita har yanzu.

ABIN DA KE FARUWA A BAKI BAYAN FITAR HAƘORI

Wanda ya fahimci wannan sashe, sauran za su zo masa da sauƙi. Kowane haƙori yana da saiwa da ta nutse a cikin ƙashin muƙamuƙi, ɓangaren ƙashin da ya kewaye saiwar kuma ba shi da wani aiki sai riƙe ta. Duk lokacin da aka tauna abinci, nauyin taunar yana bi ta saiwa ya isa ga ƙashin, wannan motsi ne yake sa jiki ya ci gaba da gina shi. Idan haƙori ya fita, jiki yakan ɗauka aikin ƙashin ya ƙare, sai ya shiga janye shi a hankali.

Janyewar ta fi sauri a watannin farko. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna faɗin ƙashin wurin da aka cire haƙori yana iya raguwa da rabi cikin shekara guda, kashi biyu cikin uku na raguwar kuma cikin wata 3 na farko. Daga nan saurin yakan lafa, amma ba ya tsayawa. Antje Tallgren ta bi masu haƙoran roba har tsawon shekara 25, a 1972 ta bayyana cewa tudun dasashin ƙasa, ta gaba, ya ragu da kimanin milimita 9 zuwa 10, na sama kuwa da milimita 2 da rabi zuwa 3. Watau na ƙasa yana zaizayewa kusan ninki huɗu na na sama.

Haƙoran roba ba su da saiwa, a kan tudun nan kawai suke zaune, saboda haka ba su hana shi zaizayewa. Na sama sun fi zama daram domin suna shimfiɗe a kan ganɗa, yawu kuma yana manne su kamar yadda gilashi biyu suke mannewa idan aka sa ruwa a tsakaninsu. Na ƙasa kuwa wurin zamansu siriri ne, harshe yana turinsu ta ciki, kumatu da leɓe suna turinsu ta waje. Wannan shi ya sa yawancin koke-koken masu haƙoran roba a kan na ƙasa ne.

ZATO NA FARKO: WAI ZUBAR HAƘORA HALIN TSUFA NE

Jama'a da yawa sun ɗauka kamar yadda furfura take zuwa dole, haka ma zubar haƙora. Shekaru su kaɗai ba su fitar da haƙori. Manyan abubuwan da suke fitar da shi su ne ruɓewa, wadda sukari da ƙwayoyin cuta suke haddasawa, da ciwon dasashi, wanda yake cinye ƙashin da ke riƙe da saiwa, sa'an nan haɗari. Shan taba da ciwon sukarin da ba a kula da shi suna ƙara wa ciwon dasashi ƙarfi.

Da tsufa ne sanadi, da alƙaluman ba za su sake daga zamani zuwa zamani ba. A 1968, kashi 37 cikin 100 na baligan Ingila da Wels ba su da haƙori ko ɗaya. A binciken 2009 adadin ya sauko zuwa kashi 6, alhali kuwa mutane sun ƙara tsawon rai. A Japan an ƙaddamar da wani shiri a 1989 mai burin mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa na kansa, zuwa 2016 fiye da rabin masu wannan shekaru sun cim ma burin.

Ta ɗaya gefen kuma, haƙoran roba ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Saurayin da ya faɗi a babur, da ɗalibin da aka yi wa gula a filin ƙwallo, da budurwar da ruɓewa ta cinye wa turame, duk suna iya bukatarsu. Barin giɓi a buɗe kuwa yana da nasa lahani, domin haƙoran gefe sukan kwanto ciki, na ɗaya muƙamuƙin kuma ya zaro tunda ba shi da abokin karo.

ZATO NA BIYU: WAI GARA A CIRE DUKA A HUTA

Wanda ciwon haƙori ya hana barci yakan ce a cire masa su duka a sa na roba, ya rabu da wahala. Turawan Ingila sun bi wannan hanya a farkon ƙarni na 20, har akan cire wa matashi haƙoransa duka a matsayin kyautar aure ko ta cika shekara 21. Bayan kafa hukumar kiwon lafiya ta kyauta a 1948 neman haƙoran roba ya yi yawa, har a 1951 gwamnati ta sa kuɗi a kansu da tabarau, abin da ya sa Aneurin Bevan, wanda ya kafa hukumar, ya ajiye muƙaminsa na minista. Daga baya likitocin haƙori suka yi watsi da wannan ɗabi'a ta cire haƙora barkatai.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙarfin cizon mai cikakkun haƙoran roba bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na mai haƙoran gaske ba. Bugu da ƙari, haƙorin gaske yana da jijiyoyi a kewayen saiwarsa waɗanda suke sanar da mutum tsakuwa a cikin shinkafa kafin ya danna. Roba ba ta da wannan. Kowane haƙorin da aka ceto yana riƙe da ƙashin da ke kewaye da shi, ko fiƙa biyu kaɗai suka rage a ƙasa suna iya zama turakun da za su riƙe haƙoran roba. Saboda haka cirewa ita ce matakin ƙarshe, bayan an tabbatar ciko da wankin saiwa da maganin dasashi ba za su yi ba.

ZATO NA UKU: MAGANAR CI DA FURUCI

A nan zato biyu ne suke karo da juna. Wani yana tsammanin ranar da aka sa masa haƙoran, a ranar zai koma kan kilishi da rake. Wani kuma yana tsammanin daga ranar sai kunu da koko har abada. Dukansu sun kauce.

Cin abinci da haƙoran roba koyo ne, yakan ɗauki makonni, wani ma watanni. Da farko baki yakan cika da yawu, mutum ya ji kamar an cusa masa wani abu, harshe da kumatu kuma sai sun koyi riƙe haƙoran. Akan fara da abinci mai laushi, kamar tuwo da miya, da faten wake, da kifi, da dafaffen ƙwai, a riƙa yin ƙananan lomomi. Ana raba lomar gida biyu a tauna ta gefen dama da na hagu lokaci guda, domin tauna ta gefe ɗaya takan ɗaga ɗaya gefen. Gatsa da haƙoran gaba yakan ɓamɓaro na sama ta baya, don haka gara a yanka tsire ko gasasshiyar masara da wuƙa. Mai cin goro kuwa ya san amfanin magogi. Abubuwa masu danƙo irin su alewa sukan fizge haƙoran, ƙananan ƙwayoyi kamar riɗi kuma sukan shige ƙarƙashi su yi suka. A kuma yi hattara da abu mai zafi, domin robar da ta rufe ganɗa tana jinkirta jin zafin shayi har sai ya kai maƙogwaro.

Wanda ya yanke ƙauna ya koma kan kunu da burodi kaɗai, ya bar nama da ganye da 'ya'yan itace, ƙarancin abinci mai gina jiki zai same shi, wannan kuwa babbar illa ce ga dattijo.

Furuci ma haka yake. Sautuka irin su s da sh da ts da z da f sukan ɗan sake a kwanakin farko, abin da kan tayar da hankalin malamin makaranta ko mai karanta labarai ko limami. Maganinsa karatu da ƙarfi a ɗaka kowace rana. Sannu ba ta hana zuwa. Idan an yi makonni haƙoran suna ƙara ko suna zamewa wajen magana, gyara suke bukata.

ZATO NA HUƊU: WAI SAU ƊAYA AKE YIN SU

Tunda tudun dasashi yana raguwa, haƙoran da suka zauna daidai bana za su yi sako-sako bayan 'yan shekaru. Su kansu haƙoran suna cinyewa da tauna, sai haɓa ta matso kusa da hanci, gefen baki ya naɗe ya riƙa tsagewa. Abin da likitoci suke shawarta shi ne a duba baki da haƙoran sau ɗaya a shekara, a ƙara wa cikin mazaunin roba idan ya yi yawa, a kuma sake sababbi galibi tsakanin shekara 5 zuwa 10. Waɗanda aka sa wa haƙoran a ranar da aka cire na gaske su suka fi saurin bukatar gyara, domin a watannin nan ne ƙashi ya fi janyewa.

Mutane da yawa sukan nemi mafita a wajen man liƙa haƙora. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana da amfani, musamman ga mai bushewar baki, amma wanda ya ga kullum yana ƙara yawan man, to, haƙoransa ne suka daina yi masa daidai. A 2008 likitoci a Amurka suka ba da rahoton mutanen da suka shekara da shekaru suna lafta man liƙi mai sinadarin zinki fiye da kima, har sinadarin ya rage musu tagullar da jiki yake bukata, jijiyoyinsu suka taɓu, tafiya ta yi musu wuya. Gam ɗin kasuwa kuwa, irin wanda ake liƙa takalmi ko kofi da shi, ba shi da wuri a baki sam, haka ma kankare haƙoran da reza ko wuƙa a gida.

Wani kuskuren da ke tafe da wannan shi ne cewa wanda ba shi da haƙori ya gama da likitan haƙori. Likita yana duba harshe da ganɗa da ƙasan baki, inda ciwon daji yake iya farawa ba tare da zafi ba. Duk gyambon bakin da ya wuce mako 2 bai warke ba, lalle ne a kai shi asibiti, balle ga mai shan taba ko mai sa ta a baki.

ZATO NA BIYAR: WAI BABU LAIFI A KWANA DA SU

Kunya ce take sa yawancin mutane kwana da haƙoran roba. Naman da ke ƙarƙashinsu kuwa yana bukatar hutu na sa'o'i 6 zuwa 8 a kowace rana, ya sami iska, yawu ya wanke shi. Idan an rufe shi dare da rana, wata ƙwayar cuta dangin funfuna, mai suna kandida, takan yaɗu a jikin robar, ganɗa ta yi ja wur. Sau da yawa abin ba ya zafi, don haka mai shi ba ya sani sai an duba.

Akwai abin da ya fi wannan. Masu bincike a Tokiyo sun bi dattawa 524 masu shekara 85 zuwa sama har shekara 3, a 2015 suka bayyana cewa masu kwana da haƙoran roba sun fi masu cirewa haɗarin kamuwa da ciwon huhu mai tsanani fiye da ninki biyu. Dalili shi ne cikin barci ƙwayoyin cutar da suka taru a jikin robar sukan bi yawu su gangara huhu. Wanda yake jinyar tsoho a gida ko a asibiti ya kamata ya riƙe wannan. Banda kwanan farko bayan cire haƙora, inda likita kan ce a bar su a baki, ƙa'ida ita ce a cire su da dare a sa a cikin ruwa.

ZATO NA SHIDA: WAI ROBA BA TA BUKATAR WANKI

Gaskiya ne roba ba ta ruɓewa, amma datti yana taruwa a kanta kamar yadda yake taruwa a kan haƙori, har ya taurare. Shi ne tushen warin bakin da ake ɗora wa haƙoran roba laifinsa. Ga mai na cike giɓi kuwa, dattin da ya maƙale a gindin maƙalai yana ruɓar da haƙoran gasken da suke riƙe da su.

Ana ɗauraye su bayan cin abinci, a goge su kowace rana da buroshi mai laushi da sabulu marar ƙarfi, a kan kwano mai ruwa domin kada su faɗi su fashe. Man goge haƙori na yau da kullum, da toka, da gawayi, duk suna karce robar, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa ta, bilic kuma yana cin maƙalan ƙarfe. Ba a barin su su bushe a aljihu ko a ƙarƙashin matashi, balle a lokacin hunturu. Bakin kansa ma yana da hakki: a goge dasashi da harshe da ganɗa, sauran haƙora kuma a ci gaba da yi musu buroshi da man da ke da fuloraid, da asuwaki ga mai yi.

ZATO NA BAKWAI: WAI KOWA MA YANA IYA YIN SU

Haƙoran roba na ƙwarai ba a sayensu kamar hula. Likita yakan duba baki, ya ɗauki zubinsa, ya auna yadda muƙamuƙan suke haɗuwa, ma'aikacin ɗakin ƙira ya jera haƙoran a kan kaki, a gwada a baki, mai su ya dubi madubi ya yarda da launi da girma, sa'an nan a zuba robar. Wannan yakan ɗauki zuwa huɗu ko biyar, banda komawa domin gyaran inda yake gurza. Haƙoran da ake ganewa daga nesa, farare fat kuma jere kamar an ja layi, alamar gaggawa ce. Na ƙwarai akan daidaita su da fuska da shekaru, har wushirya ana iya mayar wa mai ita.

Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya kai mutum ɗakin tiyata. Ɗan ƙaramin haƙorin roba na gaba, mai ɗauke da haƙori ɗaya ko biyu ba tare da maƙalai ba, idan ya yi sako-sako ana iya haɗiye shi wajen shan magani, ko cin abinci, ko cikin barci. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan sun wallafa rahoto a 2004 a kan marasa lafiyar da haƙoran roba suka maƙale musu a hanyar abinci. Abin da ya ƙara wa matsalar wuya shi ne akirilik ba ta cika fitowa a hoton ekisire ba, gefenta mai kaifi kuma yana iya huda maƙoshi. Wanda wannan ya same shi ya nufi asibiti nan take; tura loma ko ayaba a kai domin ya wuce ƙara haɗari ne.

ZATO NA TAKWAS: MAGANAR ADDINI DA KUNYA

Waɗansu suna ɗari-ɗari da haƙoran roba don gudun kada ya zama sake halittar Allah. Malamai sun bambanta ado da magani, sun kuma kafa hujja da labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. An yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce shi ya sa na zinariya. Mayar da abin da jiki ya rasa yana cikin babin neman magani. Game da alwala kuwa, a mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, haƙoran roba kuma ba su hana ta.

Kunya ita ce ta fi wuyar magani, domin ba'ar da ake yi wa mai giɓi da wawulo ta daɗe a bakin jama'a. Amma wannan kunyar ce take sa a kwana da haƙoran, a ƙi komawa asibiti, a ɓoye gyambo har ya girma. Iyalin da suka ɗauki kofin haƙoran mahaifinsu kamar gidan tabaransa sun taimake shi ƙwarai.

KAMMALAWA

An ga yadda zace-zacen nan suka kasu gida biyu. Waɗansu sun raina haƙoran roba, sun mayar da su abin kunya ko alamar ƙarewa. Waɗansu kuma sun kai su inda ba su kai ba, sun ɗauke su tamkar haƙoran gaske da ba su bukatar kulawa. Matsayinsu na gaskiya shi ne kayan aiki masu amfani, waɗanda suke mayar wa mutum tauna da furuci da siffar fuska gwargwadon hali, muddin gwani ne ya yi su, ana wanke su kullum, ana cire su da dare, ana kuma gyara su yayin da baki yake sakewa. Ga mai hali, kafa kusoshi biyu na titaniyam a muƙamuƙin ƙasa domin riƙe haƙoran yana rage matsalar zamewa ƙwarai, kamar yadda taron masana a Jami'ar McGill ta Kanada ya tabbatar a 2002.

Ga ɗalibi da ma'aikacin da haƙoransa suke nan kuwa, darasin a taƙaice yake: rage sukari, goge baki safe da dare, barin taba, da ganin likita tun kogon haƙori yana ƙarami. Rigakafi ya fi magani.